Tsofaffin Motoci: Ana Kashe Fitilar Jakar Iska, Ana Barin Cutar A Jikin Mota

IKKO — A duk lokacin da direba ya murɗa makullin mota, kafin inji ya tashi, akwai jerin 'yan fitilu da ke bayyana a allon da ke bayan sitiyari. Ɗaya daga cikinsu tana ɗauke da hoton mutum a zaune sanye da bel da wani abu kamar ƙwallo a gabansa, ko kuma haruffan SRS. Ƙa'idarta ita ce ta kama na kimanin sakan 6, sa'an nan ta mutu da kanta. Idan ta ƙi mutuwa, ko ta dawo ana cikin tafiya, to motar tana shaida wa mai ita ne cewa jakar iskar da aka tanada domin ranar haɗari ba abin dogaro ba ce.

Wannan 'yar fitila, wadda ba ta kai ƙwayar gyaɗa girma ba, tana da tasiri a kan farashin mota fiye da yadda jama'a suka zata. A filayen sayar da motoci na Berger da ke kan babbar hanyar Apapa zuwa Oshodi, da makamantansu a Abuja da Fatakwal da Ibadan, motar da fitilarta ke kunne takan jawo tambaya, tambaya kuwa ita ce mafarin neman ragi. Don haka akwai matsin lamba a kan dillali ya ga fitilar ta mutu kafin mai saye ya iso. Hanyoyin kashe ta kuwa iri biyu ne. Akwai wadda ake bin cutar a warkar da ita, fitilar ta mutu don kanta, akwai kuma wadda ake rufe wa fitilar baki kawai. A idon mai saye sakamakon duka ɗaya ne, domin allon yakan kasance fes. Bambancin ba ya bayyana sai ranar da mota ta yi karo.

Dalilin da ya sa lamarin ya yi tsanani shi ne, jakar iska ba ta cikin kayan motar da ake iya gwadawa. Mai saye yana iya taka birki ya ji ƙarfinsa, ya kunna na'urar sanyaya mota, ya saurari inji, ya ɗana giya. Jakar iska kuwa sau ɗaya take aiki, in ta fashe ta ƙare ke nan. Shaidar da ake da ita a kan lafiyarta, in ban da a warware sitiyari da allon mota, ita ce wannan fitila. Wanda ya lalata shaidar ya mai da cinikin na biri a sama.

Tarihin jakar iska ya fi yadda ake tsammani tsawo. Tun 1953 wani Ba'amurke mai suna John Hetrick ya sami takardar mallakar fasahar, kamfanin General Motors ya sayar da wasu motoci masu ita a tsakanin 1974 zuwa 1976, Mercedes-Benz kuma ya fara sanya ta a manyan motocinsa a farkon shekarun 1980. Amma ba ta zama ruwan dare ba sai da dokar Amurka ta wajabta jaka biyu, ta direba da ta fasinjan gaba, a kan dukkan sababbin ƙananan motoci daga samfurin 1998. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa jakunkunan gaba sun ceci rayuka fiye da 50,000 a ƙasar daga 1987 zuwa 2017.

A Nijeriya labarin ya bi wata hanya dabam. Motocin da suka yi zamani a ƙasar, irin su Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna da Volkswagen ƙirar kunkuru da ake haɗawa a Ikko, ba su san jakar iska ba, kuma a kansu ne manyan kanikawa da yawa suka koyi sana'a, su kuma suka koyar da na bayansu. Bayan da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci da matsakaicin ɗan kasuwa, sai kasuwar motocin gwanjo, waɗanda ake kira Tokunbo a Kudu, Beljiyam a Arewa, ta buɗe ta tashoshin Apapa da Tin Can da kuma Kwatano. Da waɗannan motoci ne jakar iska ta shigo ƙasar, ba tare da littattafan gyaranta ko na'urorin bincikenta sun biyo ta ba.

Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci kimanin miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Binciken da hukumomin Holan suka yi a kan motocin da ke fita ta tashoshinsu ya gano cewa kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda ake turowa Nijeriya sun doshi shekara 20. Motar da ta kai wannan shekaru, ko da ba ta taɓa yin haɗari ba, wayoyinta da soket-soket ɗinta sun ga jiya sun ga yau.

Domin a fahimci abin da fitilar ke faɗa, sai an san yadda tsarin yake. Akwai wani ɗan akwati, wanda masu gyara ke kira ƙwaƙwalwar jaka, yawanci a ɗaure a ƙasan mota tsakanin kujerun gaba biyu ko a ƙarƙashin rediyo. Shi ne ke auna yadda gudun mota ya katse farat ɗaya, tare da taimakon wasu na'urorin jin karo da ke gaba da gefe. Idan ya tabbatar karo ne na gaske, sai ya aika wuta zuwa wani ƙyastun lantarki da ke cikin gwangwanin ƙarfe mai ɗauke da sinadari. Sinadarin ya kone, ya ba da iskar da ke cika jakar cikin kashi 30 ko ƙasa da haka na kashi 1,000 na sakan ɗaya, wato kafin ƙiftawar ido. Wannan akwati dai shi ne ke tayar da na'urar da ke fizge bel ta matse mutum a jikin kujera a daidai lokacin karo.

A cikin sakan 6 ɗin da fitilar take kunne, ƙwaƙwalwar tana zagaya kowace hanyar waya ne da wata 'yar wuta mai rauni wadda ba ta isa ta tayar da ƙyastu ba, tana auna nauyin da wutar ke gamuwa da shi. A galibin motoci ƙyastu mai lafiya yakan nuna om 2 zuwa 3. In awon ya haura, alamar waya ta katse ko soket ya yi tsatsa ke nan. In ya faɗi, wayoyi sun haɗe. Ko wanne ya faru, ƙwaƙwalwar za ta rubuta lambar matsalar a cikinta, ta bar fitilar a kunne, kuma gwargwadon ƙirar motar, ta dakatar da wannan sashen ko ma tsarin baki ɗaya.

Abin da zai ba mai mota mamaki shi ne, sau da yawa jakar kanta lafiyarta ƙalau. Matsalar takan kasance a hanyar da ke kai mata wuta, kuma galibi a wurare 'yan kaɗan da ƙwararru suka sani.

Na farko shi ne ƙarƙashin kujerun gaba, inda soket-soket masu launin rawaya suke haɗa jakar gefe da na'urar bel da sauran wayoyin mota. Kowace rana ana jan kujera gaba ana mai da ita baya, ana cusa takalma da robar ruwa da laima a ƙarƙashinta, masu wankin mota suna kwarara ruwa, ƙura tana shiga. A hankali soket ya saki ko bakinsa ya yi tsatsa. Haka kuma idan aka kai mota wurin masu ɗinkin kujera suka cire kujerun, wani ya murɗa makulli alhali soket yana cire, ƙwaƙwalwar za ta rubuta laifi nan take, kuma a motoci da dama fitilar ba za ta mutu ba ko bayan an mai da komai wurinsa, sai an goge lambar da na'ura. Wannan shi ne gyara mafi araha a duk fannin, ba ya wuce share soket, a ɗaure wayar yadda ba za ta riƙa jijjiga ba, a goge lamba.

Na biyu yana cikin wuyan sitiyari. Da yake sitiyari yana juyawa, jakar direba kuwa a tsakiyarsa take, an yi dabarar naɗe wata siririyar waya mai faɗi kamar zaren kaset a cikin wani faifan roba, tana warwarewa tana naɗewa tare da juyawar sitiyarin. Kanikawa suna kiranta kulok sifirin. Shekaru kan gajiyar da ita ta tsinke, kuma alamarta ba ta ɓuya, domin ta cikinta ne wutar hon da maɓallan da ke jikin sitiyari ke bi. In fitilar jaka ta kama, hon kuma ya daina ƙara ko yana yi yana ɗaukewa idan an karya kwana, to da wuya a ce ba ita ba ce.

A nan rashin kyan hanyoyi yana da nasa hannun, ta bayan gida. Ramuka kan kashe rak ɗin sitiyari da wuri, kuma idan bakanike ya zo canja shi ya saki sandar sitiyari ba tare da ya kulle sitiyarin a tsakiya ba, yaron shago ko mai mota kan juya shi a banza, wayar ta wuce iyakarta. Da zarar an haɗa an karya sitiyari zuwa ƙarshe sai ta tsinke. Mutane da yawa sun kai mota gyaran ƙafa sun dawo da fitilar jaka a kunne, ba su taɓa danganta abu biyun ba. Akwai kuma motocin da aka shigo da su daga Ingila ko Japan da sitiyari a dama aka juya shi zuwa hagu, kasancewar Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun watan Afrilu na 1972. Irin wannan aiki yana buƙatar a tsawaita wayoyi a sauya allon gaba ɗungurungum, kuma ba kowane mai juyi ne ke damuwa da makomar jakar fasinja ba.

Raunin batir ma yana kunna fitilar. Motar da ta yi makonni a cikin jirgin ruwa da harabar tasha, aka tashe ta da batirin aro, tana iya fitowa da lambar ƙarancin wuta a ƙwaƙwalwarta alhali babu abin da ya lalace. Sai kuma tabarmar da ke cikin kujerar fasinja a wasu motocin Jamus da na Japan, wadda ke gane ko akwai mutum a zaune, da ɗan makunnin da ke cikin bakin bel. Duka suna mutuwa da tsufa.

Wanda ya fi waɗannan muni shi ne ruwa. Tun da ƙwaƙwalwar a ƙasan mota take, ita ce kan fara nutsewa idan ruwa ya shiga ciki, ko a ambaliyar daminar Ikko irin ta watan Yuli na 2011, ko tun a ƙasar da motar ta fito. Guguwar Katrina a 2005, da Sandy a 2012, da Harvey a 2017, kowacce ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a Amurka, kamfanonin inshora suka biya masu su suka tura motocin gwanjo. Motar da ta sha ruwa tana iya yin watanni tana aiki lami lafiya kafin tsatsa ta gama cin cikin akwatin. Irin wannan akwati ba a shanya shi a mayar, canja shi ake yi.

Ke nan matakin farko na gyaran ƙwarai shi ne a tambayi ƙwaƙwalwar abin da ta gani. A nan ma akwai inda ake tuntuɓe. Tun 1996 motocin kasuwar Amurka suke da soket ɗin bincike iri ɗaya mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai kuma ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Amma dokar ta shafi inji da hayaƙi ne, saboda haka ƙananan na'urori masu araha da suka cika kasuwa yawancinsu harshen inji kaɗai suke ji. Mai irin wannan na'ura zai iya cewa bai ga komai ba, kuma gaskiya ya faɗa, domin bai shiga ɗakin da matsalar take ba. Ana buƙatar na'urar da ke karanta sashen jaka na wannan kamfanin mota. Motocin da suka girmi wannan tsari kuwa suna da tasu hanyar: a tsofaffin Toyota, alal misali, ana haɗa baki biyu a soket ɗin bincike, fitilar ta riƙa ƙiftawa, a ƙirga ƙiftawar a fitar da lamba.

Lambar ba ta cewa a sayi kaza. Tana nuna hanyar wayar da ke da matsala ne kawai, aikin mai gyara ne ya bi hanyar ya gano ko soket ne, ko waya, ko naɗaɗɗiyar wayar sitiyari, ko jakar kanta. Goge lamba ba tare da an yi wannan ba aikin banza ne, domin ƙwaƙwalwar za ta sake rubuta ta a awo na gaba.

Aikin kuma yana da haɗari ga mai yinsa. Gwangwanin jaka abin fashewa ne, jakar tana fitowa da gudun da ke iya kaiwa kilomita 300 a sa'a. Ƙa'ida ita ce a kashe makulli, a cire wayar batir, a jira ma'ajiyar wutar da ke cikin ƙwaƙwalwar ta huce, domin an yi ta ne ta iya fasa jaka ko da batir ya tsinke a haɗari. Littattafan Toyota sun ce a jira aƙalla sakan 90, na Honda minti 3. Ba a taɓa wayar ƙyastu da kwan gwaji irin wanda masu gyaran wutar mota suka saba tsikarar waya da shi, ba a kuma auna jakar da mita kai tsaye. In an ciro ta, a ajiye ta fuskarta na kallon sama, domin in ta fashe a kife, gwangwanin ƙarfen ne zai tashi.

To, ga hanya ta biyu, wadda ba ta buƙatar na'ura ko ilmi mai zurfi. Mafi sauƙinta shi ne a ciro allon mita a zare kwan fitilar, ko a liƙa masa baƙin tef ta ciki. Masu ɗan wayo sukan haɗa wayarsa da ta fitilar man inji ko ta cajin batir, yadda zai kama idan an murɗa makulli, ya mutu idan inji ya tashi, kamar dai komai daidai. Waɗanda suka fi su ƙwarewa kuwa resista suke amfani da ita, wani ɗan ƙanƙanin abu da ake samu a wurin masu gyaran rediyo da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. A soka ta a bakin soket a madadin jakar, ƙwaƙwalwar ta auna ta ga om 2 da 'yan kai, ta gamsu cewa jaka tana nan, ta kashe fitila. A bayan murfin sitiyarin kuwa ko dai babu komai, ko tsohuwar jakar da ta riga ta fashe ce aka cusa aka liƙe.

Ya kamata a yi wa resista adalci. Ƙwararru ma suna amfani da ita, amma a matsayin abin gwaji: a sa ta a madadin jaka na ɗan lokaci domin a ga ko laifin na jaka ne ko na waya, sa'an nan a cire. Laifin yana wurin wanda ya bar ta a ciki ya rufe murfi ya karɓi kuɗi.

Wannan dabara ta fi yawa a motocin da aka sayo a gwanjon masu haɗari na Amurka, irin na Copart da IAA, inda 'yan kasuwar Nijeriya da dama ke sayen mota ta intanet saboda rangwamen farashi. Sayen irin waɗannan motoci a gyara ba laifi ba ne, sana'a ce da ke ciyar da masu bugun ƙarfe da masu fenti da masu sayar da kayan gyara a Ladipo da Nkpor da Apo. Sai dai gyaran ƙa'ida ga motar da jakunkunanta suka fashe yana da tsada: sababbin jakunkuna, da bel-bel ɗin da suka kulle, da na'urorin jin karo na gaba, da ƙwaƙwalwar da ta riga ta rubuta cewa an yi haɗari, wani lokaci har da allon gaba baki ɗaya. Idan aka haɗa lissafin yakan cinye ribar da arahar gwanjon ta kawo. A nan ne zuciya kan raya wa mutum ya gyara abin da ido ke gani, ya bar wanda ba ya gani.

Ba dillalai kaɗai ke da laifin ba. Akwai masu motoci da kansu suke cewa bakanike ya kashe musu fitilar don tana damunsu da dare, ko don suna shirin sayar da motar. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. A Ingila motar da wannan fitila ke nuna matsala ba ta cin jarrabawar lafiyar mota ta shekara-shekara, abin da ke tilasta wa mai ita gyara. A Nijeriya Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta ɗaura bel daga farkon 2003, kuma jami'i yana iya ganin bel daga bakin titi, amma abin da ke bayan murfin sitiyari ba ya ganuwa a shingen bincike.

Mai saye yana da abin da zai iya yi da kansa cikin minti ɗaya. Ya murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa, kada ya ta da inji, ya zuba ido. Dole fitilar jaka ta bayyana. In ba ta bayyana ba, an taɓa ta. Dole kuma ta mutu ita kaɗai bayan 'yan sakan, alhali ta man inji da ta batir suna nan a kunne. Idan ta tsaya tare da su, ba ta mutu ba sai da inji ya tashi suka mutu gaba ɗaya, to an ɗaura mata aure da ɗayarsu. Resista kuwa tana tsallake wannan gwaji, har na'urar bincike ma tana iya ruɗuwa da ita. Ita sai an duba da ido: murfin sitiyarin da launinsa ya bambanta da na sauran mota, ko allon gaban fasinja da aka yi wa sabon rufi, ko bel ɗin da ba ya komawa ciki da kansa. Wanda zai sayi motoci da yawa domin kamfani ko sufuri, kuɗin da zai biya ƙwararre ya kwance murfin ya leƙa bai kai komai ba a kan kuɗin motar. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta haramta yaudarar mai saye game da halin da kaya suke ciki, amma tabbatar da yaudarar bayan an biya an tafi ya fi gano ta a filin ciniki wuya.

Ga kamfanonin da ke da motocin aiki, lamarin ya wuce na farashi. Direba da ma'aikacin da ke zaune a gaba suna tafiya Ikko zuwa Benin ko Abuja zuwa Lakwaja bisa zaton cewa motar da aka ba su tana da kariyar da aka rubuta a jikin sitiyarinta. Shugaban sashen sufuri da ya amince da takardar biyan kuɗin gyara mai cewa an kashe fitila, ba tare da ta bayyana lambar da aka karanta da abin da aka canja ba, bai san abin da ya saya ba. Neman a rubuta lambar, a kuma dawo da tsohon abin da aka cire, yana raba masu gyara da masu rufa-rufa.

Akwai kuma wata cuta da fitilar ba ta san da ita ba sam. Kamfanin Takata na Japan, wanda ya kasance cikin manyan masu ƙera jakar iska a duniya, ya yi shekaru yana cika gwangwanayensa da sinadarin amoniyam naitret. Daga baya aka gano cewa zafi da laima na tsawon shekaru suna lalata sinadarin, ya riƙa ƙonewa da ƙarfin da ya wuce kima, gwangwanin ya tarwatse ya watsa wa mutum gutsattsarin ƙarfe a fuska da wuya. Honda ya fara kiran motoci a kan wannan a 2008, kafin lamarin ya zama kira mafi girma a tarihin motoci a Amurka, inda ya shafi jakunkuna kimanin miliyan 67. Zuwa 2024 hukumomin Amurka sun tabbatar da mutuwar mutum 28 a ƙasar, an kuma sami mace-mace a Malesiya, ƙasar da yanayinta na zafi da laima ya yi kama da na kudancin Nijeriya. A 2017 Takata ya amsa laifin zamba a Amurka, ya amince da biyan dala biliyan 1, a watan Yunin shekarar kuma ya durƙushe.

Da yake ƙyastu da wayoyin irin wannan jaka lafiyarsu ƙalau, ƙwaƙwalwar ba ta ganin laifi, fitila takan kama ta mutu a kan ƙa'ida. Motocin da abin ya shafa kuwa sanannu ne a titunan ƙasar nan. Akwai Honda Accord samfurin 2003 zuwa 2007, waɗanda ake yi wa laƙabi da End of Discussion da Discussion Continues, da Toyota Corolla na 2003 zuwa 2008. Mafi haɗari su ne wasu Accord da Civic na 2001 da 2002, waɗanda a 2016 NHTSA ta ce gwaji ya nuna yiwuwar tarwatsewar gwangwaninsu tana iya kaiwa kashi 50 cikin 100, a 2023 kuma Honda ya gargaɗi masu waɗanda ba a gyara ba da su daina tuƙa su. Takardun kiran ana aika su ne ga wanda ya yi wa motar rajista a Amurka, motar da ta hau jirgin ruwa kuwa wasiƙa ba ta bin ta.

Wannan ya shafi kasuwar kayan gyara kai tsaye. Mai motar da ya yi niyyar gyaran gaskiya, ya je ya sayo jakar gwanjo da aka ciro daga wata motar, yana iya sayo ɗaya daga cikin waɗanda ake nema a janye. Hakan ta faru a birnin Las Vegas a 2017, inda gwangwanin da aka ciro daga wata matacciyar Accord aka sa a wata da aka gyara ya tarwatse ya ji wa wata budurwa mummunan rauni a wuya. Tun 2012 ma NHTSA ta yi gargaɗi a kan jabun jakunkuna masu ɗauke da tambarin manyan kamfanoni, waɗanda a gwaji wasu suka ƙi buɗewa, wasu suka yi aman wuta da ƙarfe.

Hanyar sanin matsayin motar da ta fito daga Amurka ita ce lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17, wato VIN, wadda Hukumar Kwastan ta Nijeriya ta fara amfani da ita wajen ƙiyasta kuɗin fito a 2022. Masu shigo da motoci sun riga sun saba rubuta ta a takardun tasha. Idan aka shigar da ita a shafin NHTSA na intanet, kyauta, zai nuna ko akwai kiran da ba a amsa ba a kan motar. Da ita ce kuma ake sayen rahoton tarihin mota daga kamfanoni irin su Carfax, a ga ko an taɓa rubuta ta a matsayin mai haɗari ko wadda ta sha ruwa, sau da yawa har a samo hotunan da aka ɗauke ta a filin gwanjo, jakunkuna a fashe suna reto daga sitiyari. Lambar tana nan a kusurwar gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma a jikin ginshiƙin ƙofarsa, kuma ya kamata ta zo daidai da wadda ke cikin takardar kwastan.